Aikin ɗibar ruwan kwata: in karɓa ko in jira?

Auwal S.:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ita tsakani da Allah. Na gama HND a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, na gama bautar ƙasa tun bara, ina zaune. Jiya wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa masana'antu da 'yan kwangila rahoton muhalli a nan Kano suka kira ni. Aikin shi ne in riƙa fita da kular ƙanƙara da kwalabe, in ɗebo ruwa a bakin magudanar masana'anta, a lambatu, a rafi, wani lokaci a rijiyar burtsatse, in auna abin da ake aunawa a wurin, sauran in kai ɗakin gwaji. Sun ce da damina ko tsakar dare ruwa ya sauko za a iya kirana. Albashin bai ɗara dubu 70 ɗin nan na mafi ƙarancin albashi da wani abin kirki ba, sai ɗan alawus na fita. Hajiyarmu ta ce shekara biyar ina karatu, in ƙare a yasar kwata. Wanda ya san aikin nan ya faɗa mini, akwai gaba a cikinsa ko ɓata lokaci ne?

Sagir Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Karɓi abinka, da babu gara ba daɗi. Amma kar ka sa a ranka kimiyya za ka je yi. Na yi irinsa wata tara. Da yawa daga rahotannin nan a gindin bishiya ake cika su. Oga zai buɗe na bara, a sauya kwanan wata, a ɗan motsa lambobi, a buga hatimi. Kai dai hotonka ake so, kana tsugune a bakin kwata da hular kwano da kwalba a hannu.

Malam Habibu:
Sagiru, ka fara ke nan.

Auwalu, ka gaishe da Hajiya. Ni shekara ashirin da shida na yi a ɗakin gwajin wata hukumar ruwa, kuma da ɗibar samfur na fara, a bayan a-kori-kura. Bari in nuna maka yadda yinin yake, sai ka auna da kanka.

Tun da asuba za ka saita mita. Mitar pH, wato mai auna tsamin ruwa, ana gyara mata zama da ruwan gwaji uku, na 4 da na 7 da na 10. In ka tsallake wannan, duk abin da ta nuna maka ranar tatsuniya ce. Sannan ka shirya kula, kuma kowace kwalba da dokarta. Ta ƙwayoyin cuta a tsarkake take zuwa, ba ka ɗauraye ta, ba ka taɓa cikin murfinta, kana barin ɗan fili a sama, in kuma ruwan famfo ne mai kulorin to da ɗan sinadarin da ke kashe kulorin a cikinta tun daga ɗakin gwaji. Ta ƙarafa, irin su dalma da kuromiyam, ta roba ce, ana ɗiga mata asid har pH ya sauka ƙasa da 2, don kar ƙarfen ya manne a jikin kwalbar. Ta mai da maiƙo kuwa sai ta gilashi. Ta BOD, wato gwajin yawan oksijin da dattin cikin ruwa ke cinyewa, ka cika ta maƙil, ko ƙwayar iska kar ta rage. Zafin ruwa, pH, iskar oksijin da ke cikinsa, da ragowar kulorin, waɗannan a bakin ruwa ake auna su, don kafin ka iso gari sun sauya.

Daga nan sai tsere da agogo. Samfurin ƙwayoyin cuta ana son ya shiga gwaji cikin awa 6, in ya wuce awa 24 zubar da shi ya fi. Duk na'urar miliyoyin da ke ɗakin gwaji abin da ka kawo mata take karantawa. In ka kawo shirme, shirmen za ta fitar, har da ɗigo biyu bayan lamba.

Auwal S.:
Na gode Malam. Wallahi a makaranta mun yi BOD a takarda, kwana 5 a zafin digiri 20, amma ba wanda ya taɓa ce mana kwalbar ma da yadda ake cika ta.

Malam Habibu:
Ba za su ce ba, yawancinsu ba su taɓa fita ba. Ni ma da kuskure na koya. A shekarata ta farko aka tura ni wani ƙauye ɗibar ruwan burtsatse. Na tarar da layin 'yan garuwa, na ji nauyin tsayar da su, sai kawai na tara kwalbata a bakin tiyon da suke cika jarkoki da shi, tiyon da yini yake yi yana birgima a taɓo. Sakamako ya fito da ƙwayoyin bayan gida jingim. Aka sa wa burtsatsen kwaɗo. Kusan mako biyu mutanen suna komawa kududdufi, kafin wani dattijo a ofishinmu ya tambaye ni, a ina takamaimai ka ɗiba? Muka koma tare. Ya cire tiyon, ya goge bakin famfon, ya babbaka shi da wuta, ya bar ruwa ya zuba na 'yan mintoci, sannan ya ɗiba. Ruwan tas yake. Har yau in na tuna yaran da na gani suna ɗibar ruwan kududdufin nan sai na ji wani iri.

Maman Ilham:
Subhanallahi. Ashe abu kaɗan ne.

Injiniya Rabi:
Auwal ƙanina, ka karɓa. Ni da irin wannan aikin na shiga, yau shekara tara, yanzu ina kula da ɓangaren ruwa da tsafta a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga gari, ya cika rijiyoyi da shaddodi ya haɗe su wuri ɗaya, ka san wa aka fi nema? Masu iya riƙe ɗan akwatin gwajin kulorin. Abu ne kamar tafin hannu, ka zuba ruwa, ka jefa ƙwayar DPD, ruwan ya koma ruwan hoda, ka gwada da launukan jikin akwatin. Kowace tanka sai an duba ta kafin a sauke wa mutane a sansani. In ana tsoron amai da gudawa muna son ragowar kulorin ya kai miligram 0.5 a lita bayan minti 30, kuma in ruwan ya dagule ya wuce NTU 5 a ma'aunin dagulewar ruwa, kulorin ɗin ba ya yin aikinsa yadda ya kamata, sai an fara kwantar da shi da alam. Masu digiri na biyu suna ofis suna rubuta rahoto, amma rahoton nasu lambobin yaran da ke bakin tanka ne.

Game da gaba da ka tambaya: ba a daɗewa ana ɗibar ruwa in mutum yana da kai. Koyi Excel sosai, koyi ɗaukar wuri da GPS, koyi KoboToolbox na tattara bayanai da QGIS na zana taswira, duka biyun kyauta ne. Ka yi lasisin tuƙi. Ka yi rajista da NISLT, cibiyar ƙasa ta masu kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, tunda fanninka ne. In ka samu hali, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna tana gajerun kwasa-kwasai. Shekara biyu a fili da waɗannan a hannu, takardar neman aikinka ta fi ta mutum goma da suka zauna jiran aikin ofis.

Sagir Ɗan Birni:
Anti Rabi, ke kuɗin Turawa kike ci, akwai mai bin diddigi. Shi kamfanin da zai shiga, masana'antar da ake auna ruwanta ita ce ke biyan kuɗin rahoton. Ina kika taɓa ganin mai shago ya biya a rubuta cewa mudunsa ya lotsa?

Injiniya Rabi:
Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Mustafa (Amurka):
Salam. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, yau an taɓo sana'ata. Abin da nake yi ke nan a nan, a ɓangaren ruwan sama da ke malala daga tituna da harabar masana'antu. Su ma nan mai masana'anta ne ke biya, Sagir. Bambancin shi ne doka da kotu. Dokar tsaftar ruwa tasu ta 1972 ce, a 1987 aka ƙara mata sashen ruwan sama, kuma wanda ya sa hannu a rahoton ƙarya yana iya shan ɗauri. A izinin da EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, ke ba masana'antu, samfurin ruwan sama sai ka ɗebe shi cikin minti 30 na farko da ruwa ya fara fita daga magudanar, kuma ya kasance an yi aƙalla awa 72 rabon da a yi wani ruwan. Shi ya sa muke kwana da waya a kunne muna kallon taswirar hadari. Sabon shiga nan ma albashinsa na ƙasa ne, kuma shi ake turawa cikin sanyi. Yawanci sai ka yi horon awa 40 na aiki da abubuwa masu guba kafin a bar ka ka shiga wasu wuraren. Don haka ka faɗa wa Hajiya, har a Amurka ɗan wata yana tsugune a bakin kwalbati da guga.

Sagir Ɗan Birni:
Minti 30! Malam Mustafa, a nan ruwa zai tsuge ƙarfe biyun dare, Adaidaita Sahu ba ya fita, titin Sharaɗa ya zama kogi. Kafin ka isa an yi sallar asuba.

Mustafa (Amurka):
Akwai na'urar da ake girkawa a bakin magudana, da ruwa ya taso sai ta fara zuƙa da kanta tana cika kwalabe.

Sagir Ɗan Birni:
Girka ta a lambatun unguwarmu yau, gobe ka je Kasuwar Kurmi ko wajen 'yan gwangwan ka sayo ta.

Admin:
Wanda ya turo tallan maganin basir na goge. Wannan ne gargaɗi na ƙarshe. A ci gaba.

Malam Habibu:
Dariya gefe, maganar Mustafa ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da can. Su ruwa na sauka musu kusan kowane wata. Mu a Kano daga Oktoba zuwa Mayu ƙasa ba ta ganin ɗigo. Wata bakwai ana tarawa: baƙin mai na garejin makanikai, jini da tumbi na mahauta, toka, leda, batir, kashin dabbobi, har da na mutane, don kowa ya san abin da ake ɗaurewa a leda a jefa kwata da daddare. Ruwan farko shi ke kwashe wannan gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Jakara ranar ruwan farko ya san launinsa da warinsa. Ka dawo a watan Agusta ka ɗiba a wuri ɗaya, za ka rantse wani rafin ne daban.

To ina yake zuwa? Jakara ta ratsa cikin birni, Getsi ta kwaso na Bompai, su haɗu, su gangara madatsar Wasai a Minjibir. A hanya kuma masu lambu suna jan ruwan da inji suna ba latas da kabeji da karas, irin su Kwakwaci. Ta kudu, na Sharaɗa da Chalawa, inda majemu suke, ya nufi kogin Chalawa, kogin da ake jan ruwan sha daga yankinsa. Wannan ba sirri ba ne, ɗaliban jami'a sun cika kabad da bincike a kai. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne awo na kullum, wuri ɗaya, hanya ɗaya, shekara bayan shekara. Shi kuma ba farfesa ke yin sa ba, irin su Auwalu ne.

Wani abu da sababbi ke mantawa: yawan guba a lita rabin labari ne, sai ka san lita nawa ke wucewa. In ba ku da na'ura, auna faɗin magudanar da zurfin ruwan, ka auna mita 10 a gefe, ka jefa lemo, ka ƙirga daƙiƙa nawa ya yi. Ka yi sau uku. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, don haka ana ragewa, a ninka da kamar 0.8. Lemo ya fi kara, don yana nutsewa rabi, iska ba ta tura shi.

Khadija M.:
Malam, tambaya. Ina digiri na biyu, kuma a aikina na gwada sakamakon ruwan magudanar wata majema da miligram 0.05 a lita na kuromiyam da ke cikin ma'aunin ƙasa. Malamina ya ja jan biro bai yi mini bayani ba.

Malam Habibu:
Da gaskiyarsa, 'yata. Wannan 0.05 ɗin na ruwan sha ne, daga ma'aunin ruwan sha na Najeriya, na 2007 da aka sabunta a 2015. A nan ne za ki ga pH 6.5 zuwa 8.5, dalma 0.01, naitiret 50, fulorayid 1.5, ukun nan miligram a lita, ƙwayar E. coli ta bayan gida kuwa sifili a mililita 100. Ba wanda ya ce a sha ruwan majema. Ruwan da masana'anta ke zubarwa yana da nasa ƙa'idojin, na NESREA, hukumar ƙasa mai tabbatar da dokokin muhalli, kuma akwai na masaƙu da majemu daban tun 2009. Da su za ki gwada. Na biyu, kuromiyam iri biyu ne. Majemu da mai daraja uku suke jima, mai daraja shida shi ne mugun. In shi kike nema, kar ki sa wa samfurin asid ɗin da na faɗa ɗazu, zai iya juyar da shi. Kwalba daban, ƙanƙara, a gwada cikin yini guda.

Khadija M.:
Innalillahi. Duka samfurorina asid na sa musu.

Malam Habibu:
To jimillar kuromiyam kika auna. Ki rubuta haka, aikinki bai lalace ba.

Nura Maraɗi:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina son in ƙara wani abu, don na ga duk hankali ya tafi kan ruwa mai baƙi da wari. Mu nan Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan da ya naƙasa yara fari ne tas, daga rijiya mai zurfi, ba wari ba ɗanɗano. Fulorayid ne ya yi yawa a cikinsa. Shekaru ana sha, haƙoran yara suka yi ja, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe, kafin a gane daga ruwa ne. Da akwai yaro ɗaya irin Auwal da ke zuwa da kwalba lokaci-lokaci, kuma ana karanta abin da ya kawo, da ba a kai nan ba. Malam Auwal, kar ka raina ranar da aka tura ka burtsatse, ka ce yau hutu ne.

Maman Ilham:
Kamar gubar dalmar Zamfara ke nan a 2010, da yara sama da 400 suka rasu.

Injiniya Rabi:
Kusa, amma ba ɗaya ba ne, Maman Ilham. Ta Zamfara, a su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yawanci ta ƙura da ƙasa ta shiga jikin yara, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje. An samu gurɓatar wasu kududdufai da ake wanki a ciki, amma babbar hanyar ƙasa ce. Na faɗa ne don Auwal ya san ba kullum ruwa ne mai laifi ba, wani lokaci laka da ƙasar gefe za a ce ka ɗebo.

Kuma tunda ba wanda ya yi maganar tsaro, bari in yi, don ni na ga abin da na gani. Kar ka taɓa fita kai kaɗai da daddare, ko oga zai yi fushi. Kar ka shiga ruwa mai gudu, wanda bai kai gwiwa ba ma yana kayar da ƙato, kuma lambatu na iya cika cikin mintoci saboda ruwan da aka yi a wata unguwa alhali kai ko yayyafi ba ka gani ba. Guga da igiya, ko sanda mai kwalba a baki, daga kan kwalbati. Kar ka leƙa ramin magudana mai murfi, balle ka sauka. Akwai iskar da ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hancinka ne zai daina jin ta, sai dai a ciro ka. Safar hannu da takalmin roba mai tsawo dole, saboda tsargiya a ruwan rafi da madatsa, da ciwon fitsarin ɓera a ruwan kwata. Ka yi allurar tetanus da ta ciwon hanta. In kamfanin suka ce kai za ka sayi kayan kariya da kuɗinka, wannan ma amsa ce game da irin mutanen da za ka yi wa aiki.

Auwal S.:
Allah ya saka da alheri, Anti. Amma maganar Yaya Sagir ce ta tsaya mini a rai. In na kawo sakamako, oga ya ce lambar nan ta yi yawa, rage ta, ya zan yi? Ni ne ƙarami a wurin, kuma ina buƙatar aikin.

Sagir Ɗan Birni:
Za ka rage. Kowa yana ragewa. Masu wa'azi a nan ba su za su biya maka kuɗin haya ba.

Malam Habibu:
Auwalu, ba zan ce maka ka yi faɗa da ogan da ke ciyar da kai ba. Abin da zan ce, ka raba naka da nasa. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka sa wa shafukan lamba. Duk abin da mita ta nuna ka rubuta nan take da biro, da lokaci, da wuri, da yanayin sama, da launin ruwan. In ka yi kuskure ja layi ɗaya a kai, kar ka goge, kar ka yage. Ɗauki hoton fuskar mitar. Takardar miƙa samfur kuma, wadda ke nuna wa ya ɗiba, ƙarfe nawa, wa ya karɓa, ka tabbata mai karɓa ya sa hannu, ka ɗauki hotonta. Daga nan abin da oga ya buga a rahotonsa, da sa hannunsa zai fita. In ya ce kai ka sa hannu a kan lambar da ba ka gani ba, sai ka ce ranka ya daɗe, ni ƙarami ne, hannuna bai kai nan ba. Yawancinsu sun fi son su sa da kansu da a yi hayaniya.

Sagir Ɗan Birni:
Malam, ai wannan wanke hannu ne kawai. Rahoton ƙaryar dai ya fita, mai latas ya ci gaba da ban ruwa.

Malam Habibu:
Haka ne. Ban ce ya gyara Kano ba. Amma ranar da aka zo bincike, ko wani mai ba da bashi daga waje ya ce a kawo takardun asali, littafin nan ne kaɗai gaskiyar da ta rage a ginin. Ni an taɓa mayar da ni sito na shekara biyu saboda irin wannan. Ban ji daɗi ba, matata ma ba ta ji ba.

Sagir Ɗan Birni:
To tunda an zo nan, bari in faɗi yadda na bar nawa. Mitar oksijin ɗinmu ta mutu, oga ya ce ba kuɗin gyara, in cike gurbin. Ni kuma ban san iyakarta ba, na ga dai in lamba ta yi sama ruwa ya yi kyau, sai na rubuta 14. Ruwan kwata, baƙi ƙirin, a watan Afrilu. Rahoton ya je hannun wata mata da ta san aiki, ta kira oga ta ce ruwa mai zafin digiri 30 ko na ƙorama ne bai riƙe 8 ba, wannan wane irin ruwa ne? A gabana ya ce yaron ne bai ƙware ba. Ƙarshen wata aka sallame ni.

Khadija M.:
Amma Yaya Sagir, ana iya samun 14 fa. Na gani da idona a kududdufi mai kore da la'asar, gansakuka na fitar da iska.

Malam Habibu:
Ana samu, a ruwa mai kore da rana tsaka, kuma in kin dawo da asuba ki tarar ya faɗi warwas, shi ya sa kifi ke mutuwa da sassafe. Amma a baƙin ruwan kwata mai wari, in kin samu 1 ma kin yi sa'a. Lambobin ruwa suna da dangantaka da juna, shi ya sa ƙaryarsu ke da wuya. TDS, wato jimillar abin da ya narke a ruwa, yakan zama rabi zuwa kashi 70 cikin ɗari na EC, wato ma'aunin yadda ruwan ke ɗaukar lantarki. Na taɓa ganin rahoton da TDS ya ninka EC, an buga shi da hatimi har biyu.

Sagiru, da ka faɗi wannan tun farko ai da ya fi amfanar yaron.

Sagir Ɗan Birni:
Ai ga shi na faɗa, Malam. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, albashin nan zalunci ne. Auwal, in za ka sa hannu, a rubuta maka alawus na fitar dare a takarda, da wanda zai biya kuɗin ƙanƙara da mai. Ni da kuɗina nake sayen ƙanƙara.

Nura Maraɗi:
Wannan kam duk mun yarda.

Auwal S.:
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto. Na karɓi aikin, yau mako uku. An rubuta alawus ɗin, sun ba da takalmi da safar hannu, littafi ni na saya. Hajiya ta ce in dai zan riƙa cire kayan a zaure kafin in shigo, ta sa albarka.

Daren jiya Juma'a aka yi ruwan farko na kirki. Da ni da direba muka isa wurin farko wajen minti 50 bayan ya sauko, na rubuta haka yadda yake. Malam, abin da ka faɗa ne, ruwan kamar an dama gawayi, ga maiƙo yana sheƙi a sama. Matsala biyu. Nefa ba ta kawo wuta ba kwana biyu, ƙanƙarar ofis ta narke, sai wajen wata mai zoɓo na saya da asuba, kafin nan kwalaben sun yi kusan awa huɗu ba sanyi. Da ta narke kuma takardun da na liƙa wa kwalabe biyu sun saɓule, ban san wacce ce ta sama da masana'anta ba, wacce ce ta ƙasa. Ɗakin gwajin da muke kaiwa kuma sun ce ba mai karɓa sai Litinin. Oga ya ce in duba launi in raba su, ai ta ƙasa ta fi baƙi.

Injiniya Rabi:
Kar ka raba da ido. Rubuta cewa biyun nan sun rasa shaida. Nan gaba ka rubuta a jikin kwalbar da makar da ba ta gogewa, ka naɗe da salatif, kowacce a ledarta.

Malam Habibu:
Na ƙarafa in ka sa musu asid za su kai Litinin lafiya, har su wuce. Na ƙwayoyin cuta sun tafi, zubar da su, na BOD ma kafin Litinin sun wuce lokaci. Rubuta awa huɗun nan a takardar miƙawa. Biyun da suka saɓule, duba littafinka: in ka auna EC a kowane wuri daren jiya, sake auna na cikin kwalaben da ba su da asid, in tazarar tana da faɗi za su nuna maka kansu, sai ka rubuta yadda ka gane. Ka auna?

Auwal S.:
Na auna, Malam. Shafi na 11.

Malam Habibu:
To je ka ɗauko mitar.